Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jami'ar Azhar

Saƙonka ya iso ni, kuma ba kai ne na farko ba a wannan shekara da ya tambaye ni yadda zaman ɗalibi yake a Alƙahira, da ko zai sami abokan da za su ɗebe masa kewar gida. Batun biza da takardu ba zan taɓa shi ba, yayanka ya san hanyarsa. Abokai kuwa za ka same su tun daga filin jirgi, domin 'yan gida ba sa barin baƙo ya kwana a waje. Abin da nake jiye maka shi ne irin zaman da za ka yi da su.

Idan ka dace da tallafin karatu, za a ba ka makwanci da abinci a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, inda ake da dokar shiga da fita. Idan ba ka dace ba, gidan haya za ka nema a Madinatu Nasr, galibi a Hayyul Ashir, inda 'yan Afirka suka fi yawa. A can za ku haɗa kuɗi ku kama gida, ku raba kwanakin girki, kuma duk ranar da wani ya dawo daga hutu da kuka da daddawa sai ka ji kamar kana tsakar gidanku. Zaman yana da daɗi, kuma daɗin nasa ne yake cin mutane, domin sai ɗalibi ya shekara biyu a ƙasar Larabawa bai yi cikakkiyar hira da Larabci ba, ban da cinikin burodi da biyan kuɗin mota. Na san waɗanda suka koma gida da takardar shahadar kammala karatu a hannu, amma idan aka ce su tashi su yi jawabi sai zufa ta keto musu.

Ka sani malamai da yawa suna fara darasi da Fusha, wato Larabcin littafi, kafin a jima su zarce cikin Ammiyya, wato Larabcin da Misirawa ke yi yau da kullum, alhali jarrabawa da Fusha za ka rubuta ta. Ammiyyar nan ba a cikin littafi za ka same ta ba, sai a bakin abokin zama Bamisire. Sannan a kwalejojin addini da ke unguwar Darrasa, kusa da masallacin Azhar, ba a cika kiran suna ba, hanyar kuma daga Ashir tana da nisa ga cunkoson motoci, don haka idan 'yan ɗakinku masu komawa barci ne bayan Asuba su farka da Azahar, su raba dare suna kallon ƙwallo, kai ma haka za ka koma ba tare da ka ankara ba. Sai jarrabawa ta rage wata guda a ɗauko mukarrar, wato littattafan manhaja, ana haddar dole, sakamako ya fito mutum ya maimaita shekara, iyayensa suna gida suna zaton yana gab da kammalawa. Ni na gama da jayyid jiddan, wato sakamako mai kyau ƙwarai, kuma ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya ba ni ba. Na liƙe wa wasu ɗaliban Indonesiya ne da suke tsara bita tun farkon zango, suka kuma ja ni zuwa halƙoƙin karatu na masallacin Azhar, inda ake karanta littattafai gaban malamai kyauta.

Kuɗi shi ne ya fi raba abokai a nan. A watan Maris na 2024 dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 na Masar zuwa kusan fam 50, kuɗin haya kuma ya riga ya hau tun da yaƙin Sudan na 2023 ya kwararo da mutane cikin birnin. Wani ɗan uwanmu da muka yi zaman ɗaki ɗaya, muke cin abinci a kwano ɗaya, ya karɓi kuɗin hayata da sunan aro har a turo masa daga gida, daga baya ya sauya unguwa ya daina ɗaukar wayata, ni kuwa na sha kunya a gaban mai gida. Har yau abin yana yi mini ciwo fiye da duk wani wulaƙanci da na gani daga baƙo. Idan za ka taimaki wani, ka ba shi abin da za ka iya yafewa, kuɗin haya da na iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa kada ka taɓa su saboda kowa.

Za a kira ka da sunayen da ba ka so a titi saboda launin fatarka, wani lokaci yara, wani lokaci manya masu furfura, kuma tanka musu ba ya ƙara maka komai sai ɓacin rai. Kada wannan ya sa ka yi wa Misirawa kuɗin goro. Abokin da ya yi jinyata lokacin da sanyin Janairu ya kwantar da ni mutumin yankin Sa'id ne da ke kudancin Masar, Bamalike kamar mu, kuma a azumi za ka ga teburan buɗa-baki a bakin titi ba a tambayar daga ina ka fito.

Ka taho da rigar sanyi mai kauri, domin gidajen nan ba su da abin ɗumama ɗaki, ka kuma taho da busasshiyar kuɓewa da yaji. Ka sanar da ni ranar tasowarka in je tarbarka. Watan farko a wurina za ka zauna, bayan haka ni da kaina zan nema maka ɗaki tare da waɗanda ba sa jin Hausa, ko da za ka yi fushi da ni. Ka gaishe mini da Baba da su Inna.