Tambayoyinku: Idan ana loda wa sabar kaya, wa ke ciki yana kallo?

Saƙonnin wannan makon sun taru a kan gwajin nauyi, wato a tura wa shafi ɗimbin baƙi na ƙarya daga kwamfuta don a ga ko zai jure ranar da mutane na gaske suka yi masa caa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina zaune Mabera. Na gina wa wata makarantar kuɗi shafin duba sakamakon jarabawa, na ɗora shi a kan ƙaramar sabar AWS (sashen hayar sabobi na Amazon) mai ram giga ɗaya. Na buga `ab -n 5000 -c 500` a cikin sabar don in gwada. Shafin ya tsaya cak, baƙin allon ma ya daina amsa min. Da na sake tada ta, komai lafiya lau. Mi ya faru?

Amsa: Ƙanena, kuskuren farko shi ne wurin da ka buga umarnin. Ka sa jaki ya ɗauki kaya, sannan mai auna kayan ma ya hau bayansa. Shirin `ab`, mai turo baƙin ƙaryar, yana cin furosesa, yana cin ram, yana buɗe ɗaruruwan haɗi, kuma duk daga abincin shafinka yake ci. Ka hayi sabar ta biyu ta awa ɗaya ko biyu a yanki ɗaya da ta farkon, in Landan ce Landan, in Furankfot ce Furankfot, daga can za ka riƙa turo baƙin. Kada kuma ka turo su daga laftof ɗinka da datar waya, domin abin da za ka auna a nan shi ne ƙarfin sabis ɗin Mabera.

Na biyu ya fi girma. `ab` zai gaya maka buƙatu nawa suka wuce a daƙiƙa, nawa suka faɗi. Ba zai taɓa gaya maka dalili ba. Dalilin yana cikin sabar, kuma sai wanda ya shiga tun kafin a fara ne zai gan shi. Saboda haka ka shiga ta SSH, wato hanyar shiga sabar daga nesa, tun sabar na hutawa, ka buɗe taga biyu ko uku.

A ta farko ka buga `vmstat 2`. Duk bayan daƙiƙa biyu zai sauko da layi ɗaya. Layin farko kada ka kula shi, matsakaicin lissafi ne tun daga lokacin da aka kunna na'urar. Ni gurbi biyar nake zuba wa ido. Gurbin `r` shi ne ayyukan da ke gudana ko suke layin jiran furosesa. Idan furosesa biyu gare ka kuma ka ga 15 ko 20 sun zauna daram, to layin ya yi tsawo. Gurabun `si` da `so` suna nuna ram ya cika har ana kwashe kaya zuwa faifai, kuma da zarar sun fara motsi, shafi zai koma tafiyar hawainiya. Gurbin `wa` jiran faifai ne, galibi rumbun bayanai ke jawo shi. Na ƙarshe `st`, lokacin da sabar taka ta nemi furosesa ba a ba ta ba, domin sabar gajimare ɗaki ne ka kama a gidan haya, akwai maƙwabta.

A nan akwai abin da ke ruɗa masu farawa. Ƙananan sabobin AWS na jerin t2 da t3 suna aiki ne da wani irin adashi. Idan suna hutawa sai su tara maki, idan aiki ya zo sai su kashe. t2.micro, alal misali, kashi 10 cikin ɗari na furosesa ne rabonta na yau da kullum. Idan makin ya ƙare ana tsaka da gwaji, sai ta koma kan kashi goman nan, kai kuma ka ɗauka shirinka ne ya lalace. Ita t3 yawanci ba ta raguwa, sai dai a rubuta maka kuɗin ƙarin a bil. Shi ya sa gwajin minti biyu ke yaudara.

A taga ta biyu ka bi rahoton kurakurai da `tail -f /var/log/nginx/error.log`, in Nginx kake amfani da shi wajen karɓar baƙin shafin. Idan shafin PHP ne, ina kyautata zaton a nan ɓarawonka yake: PHP-FPM, mai gudanar da shirin PHP, a Ubuntu yana zuwa da `pm.max_children` a kan 5. Ma'aikata biyar ke nan, ka turo musu mutum 500 lokaci guda. Sauran sai layi, layin ya yi tsawo har Nginx ya gaji ya fara mayar da lambar kuskure 502 ko 504. Amma kada ka yi garaje ka mayar da shi 200. Kowane ma'aikaci yana da nasa rabon ram, kuma giga ɗaya ba ta da yawa. Ka duba abin da guda ɗaya ke ci a `top`, ka raba abin da `free -m` ya nuna a gurbin `available` da wannan adadin, ka bar wa MySQL, rumbun bayanan, nasa. Shi ma MySQL ɗin haɗi 151 yake karɓa idan ba a taɓa saitinsa ba.

Shi kuwa daskarewar baƙin allon, alamar ram ce ta ƙare ƙaf. Idan abin ya sake faruwa, da sabar ta farfaɗo, kafin ka sake tada ta, buga `sudo dmesg -T | grep -i oom`. Linux yana da ɗabi'ar kashe shirin da ya fi ci idan ram ta ƙare, kuma yakan rubuta sunan wanda ya kashe. Sau da yawa za ka tarar MySQL ne aka yanka.

Kuma wa ya ce maka 500 za ka fara da shi? Makarantar ɗalibai nawa gare ta? Fara da 10, ka kalli `vmstat`, ka je 25, ka je 50. Inda lambobin suka fara karkacewa, nan ne ilimin yake.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni a Arkilla nake, wuta ba ta zama, laftof ɗina kuma batirinsa ya mutu. Duk lokacin da aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke, gwajin da na tayar sai ya mutu a tsakiya. Ana iya wanga aiki da waya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ana iyawa, Malam, kuma ni ma na sha yi a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan sa laftof ya yi ta huci kamar tanda. A Android ka sauke Termux, manhajar da ke ba ka baƙin allo a waya, an fi so daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka buga `pkg install openssh`, shi ke nan kana da SSH a aljihu.

Sai dai matsalarka ba ta na'ura ba ce. Idan haɗin SSH ya yanke, sabar takan aika wa shirye-shiryen da ka tayar a wannan zaman saƙon cewa mai gida ya tafi, su kuma su mutu. Maganin `tmux` ne. Da ka shiga, buga `tmux new -s gwaji`, sannan ka tayar da aikinka a ciki. Ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, aikin na nan yana tafiya a can. Idan ka dawo, `tmux attach -t gwaji` zai mayar da kai daidai inda ka bari.

Tun da allon waya ƙarami ne, kuma ba za ka iya zuba masa ido na rabin awa ba, sa sabar ta rubuta maka: `nohup vmstat -t 5 > gwaji1.txt &`. Harafin `-t` yana manna lokaci a kowane layi, sai ka haɗa da sakamakon gwajin daga baya ka ga me ke faruwa a daidai mintin da shafi ya fara nishi. Ka lura, agogon yawancin sabobin gajimare yana kan UTC, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Abin da ya faru ƙarfe 9 na dare a Arkilla, a fayil ɗin ƙarfe 20:00 za ka same shi. Na san wanda ya ɓata yini yana neman matsala a awar da babu ita.

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna da sabobi huɗu a wurin aikinmu, muna gwajin nauyi da shirin JMeter. Ina so duk lokacin da gwaji zai fara a share ma'ajiyar wucin gadi a dukkansu, kuma a riƙa ɗauko min `uptime` ana cikin gwajin. Na sa umarnin a OS Process Sampler amma ba ya taɓa sabobin.

Amsa: Hajiya, ba zai taɓa su ba, domin wannan samfula tana gudanar da umarni ne a kan na'urar da JMeter ke zaune, ba a kan wadda ake gwadawa ba. Sai kin sa umarnin ya zama `ssh` ne da kansa, ki ba shi sunan sabar da abin da zai yi a can, kuma shigar ta zama da makulli, don babu mai zama ya buga kalmar sirri a tsakiyar gwaji. Makullin kuma a yi shi musamman don wannan aiki, na wani mai amfani mai ƙaramin iko. Kada a ajiye makullin `root`, mai cikakken iko, a kan injin gwajin da za a jefar gobe.

Inda kika ajiye samfular ma yana da muhimmanci. Aikin share-share wurinsa setUp Thread Group, wanda ke gudana kafin baƙi su fara shigowa. Idan kika sa shi cikin babban rukunin, kowane baƙon ƙarya zai buɗe nasa SSH ɗin, sau ɗari-ɗari. Shi kuwa OpenSSH, a saitinsa na asali, da haɗin da ba su gama tantancewa ba sun kai 10 sai ya fara watsar da wasu. Za ki ga kurakurai cike da rahoto, alhali shafin bai yi laifin komai ba.

A ra'ayina ma, ɗauko `uptime` ki fitar da shi daga JMeter gaba ɗaya. Ga sabobi huɗu, layi ɗaya ya isa a wata taga daban: `for s in sabar1 sabar2 sabar3 sabar4; do ssh $s uptime; done`. Lambobi uku na ƙarshen amsar su ne matsakaicin nauyi na minti 1, 5 da 15, sai ki gwada su da yawan furosesa. Idan sabobin sun kai ashirin, to lokacin Ansible ya yi, shirin da ke tura umarni ga sabobi da yawa lokaci guda, ko Run Command na AWS Systems Manager, wanda ba ya buƙatar a buɗe ƙofa ta 22, wato ta SSH, ma. Shi kansa JMeter a daina tayar da shi da tagoginsa lokacin gwaji na gaske. `jmeter -n -t shiri.jmx -l sakamako.jtl` ya fi sauƙi a kan inji.

Abu ɗaya nake roƙo: ana cikin gwaji, kallo kawai. Na taɓa yin wannan wautar a wani aiki da aka ba ni. Gwaji na tafiya, sai na ga dama ta samu in binciki wani tsohon fayil na rahoto mai giga da yawa da `grep`. Faifai ya shiga aiki, `wa` ya haura, shafi ya yi sanyi, muka rubuta cewa rumbun bayanai ne ya gaza. Sai washegari na gane ni ne. Umarni mai canza abu kuwa, irin sake tada shiri ko goge fayil, a gwada shi a kan sabar ɗaya tukuna, a duba `hostname` a tabbatar ba wadda jama'a ke amfani da ita ba ce, kafin a sake shi ga sauran.

Tambaya: Malam, ina son koyon shirin gwajin nauyi na k6 amma ba ni da shafi. Zan iya gwadawa a kan shafin rajistar makarantarmu da dare, lokacin da ba kowa?

Amsa: A'a. Tura wa shafin da ba naka ba dubban buƙatu babu izini, daga wajen mai shafin hari ne, ko da niyyarka koyo. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hana kawo cikas ga na'urorin wasu, kuma kamfanin da ka hayi sabar a wurinsa zai iya rufe maka asusu. Hayi sabobi biyu mafi araha, ka ɗora Nginx a ɗaya da `sudo apt install nginx`, k6 a ɗayar, ka yi ta dukan naka har ya faɗi kana kallo ta `vmstat`. Idan ka gama, ka goge su daga shafin kamfanin gaba ɗaya. Rufe Termux ba ya tsayar da mita, kuma a AWS ko ka kashe sabar, faifanta na ci gaba da cin kuɗi, da dala ake lissafin.