Tambaya da Amsa: Windows ta ƙi tashi, sai an goge komai ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu. An ɗauke wuta kwamfutata tana tsakar sabunta Windows 10. Tun daga nan sai ta rubuta «Préparation de la réparation automatique», ta mutu, ta sake kunnuwa. Mai gyara ya ce sai an goge ta an zuba sabuwa, ga takardun mutane cike a ciki. Da wata hanya? Daga mai shago a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Akwai hanya, kuma kada ka yarda a goge tukuna. Ba a rushe ɗaki don makulli ya ɓata.

Windows 10 da 11 suna da wata ƙaramar manhajar gyara da ke zaune a ɓoyayyen sashe na faifan ajiya, cikin fayil mai suna Winre.wim. Idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere, wannan manhajar ce ke fitowa da kanta. In taka tana ta kewayawa ba ta tsaya ba, ka kunna ta, da ganin tambarin Windows ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Ka yi haka sau biyu, a na uku ka ƙyale ta. Shuɗin allo zai bayyana. Danna «Options avancées», sai «Dépannage», sai «Options avancées» kuma. Sunayen Faransanci muka kawo don su suka fi yawa a injunan yankinmu. Wanda tasa ta shigo ta Mubi ko Yola da Ingilishi zai tarar da jerin iri ɗaya.

Kafin kowane gyara, fitar da takardun mutane. Soka kilen USB, buɗe «Invite de commandes», wato baƙin allon da ake rubuta umarni, rubuta notepad ka danna Entrée. A cikin «Fichier» zaɓi «Ouvrir», ka canza nau'in fayil zuwa «Tous les fichiers», in ba haka ba komai zai ɓuya sai fayilolin rubutu zalla. Daga «Ce PC» ka nemo faifan da Windows take, ka shiga foldar masu amfani, ka kwafi abin da kake so da ɓangaren dama na linzami, ka liƙa a kile. Babu layin da zai nuna maka ci gaban kwafin, allon ma yakan yi kamar ya sandare. Yi haƙuri har ya saki kafin ka zare kile. A lura da harafin faifan: a wannan wuri X: na manhajar gyara ne, Windows kuwa sau da yawa takan koma D: maimakon C: da aka saba. Mutane da dama sun ɗauka faifansu ya zama fanko saboda wannan kawai.

Tunda a tsakiyar sabuntawa abin ya faru, fara da «Désinstaller des mises à jour», ka zaɓi cire ta ƙarshe ta «qualité». Ɗayar, ta «fonctionnalités», kwana 10 kawai take aiki bayan babbar sabuntawa. In bai yi ba, gwada «Outil de redémarrage système». Ko ya ce ya kasa, yakan bar bayanin abin da ya gano a fayil ɗin SrtTrail.txt, cikin Windows\System32\LogFiles\Srt, kuma notepad na buɗe shi. Sai «Restauration du système», wadda ke mai da Windows yadda take a wata rana ta baya ba tare da taɓa takardu ba, sai dai manhajojin da aka sa bayan ranar za su tafi. Matsalarta ɗaya: a injuna da yawa a kashe take tun farko, don haka kada ka yi mamaki in ta ce babu wurin komawa.

Ɗaukewar wuta kan bar rubutu rabi da rabi a faifai. Maganinsa a baƙin allon nan shi ne chkdsk D: /f, da harafin da ka gano ɗazu. Bayansa sai sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows, wanda ke maye gurbin fayilolin Windows da suka lalace. Akwai chkdsk mai /r da masu gyara ke so, yana duba faifan kaf, yakan ci sa'o'i. Idan kana jin faifan yana ƙas-ƙas, kada ka sa shi, wahalar na iya ƙarasa shi.

Na ƙarshe shi ne «Réinitialiser ce PC» tare da «Conserver mes fichiers». Takardu za su tsira, amma Word da direban firinta da duk abin da aka sa daga baya sai an sake sawa. Zaɓi «Réinstallation locale», domin ta intanet tana cin fiye da giga 4. Kuma kada ka fara shi sai da ondular (batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ko janareta mai mai a ciki. Wutar da ta jawo wannan ɗanyen aiki in ta sake yankewa a tsakiyar wancan, abin da mai gyaran ya faɗa ne zai tabbata.

Tambaya: Bayan an yi wa kwamfutata gyara, sai take nuna shuɗin allo tana neman lambobi 48. Ni ban taɓa sa mata irin wannan ba. Daga wata malamar makaranta a Marwa.

Amsa: Malama, BitLocker ke nan, wato tsarin Windows mai kulle faifai, kuma gaskiyarki, ba lallai ke kika kunna shi ba. Injuna da yawa sukan kulle faifai da kansu ranar da aka fara shiga da asusun Microsoft. Makullin yana ajiye a wani ɗan guntu da ake kira TPM. Idan aka canza allon uwa, ko aka taɓa saitin BIOS (saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi), sai ya ƙi sakin makullin, yana zaton sace faifan aka yi. Ki buɗe aka.ms/myrecoverykey a wayarki, ki shiga da asusun da aka fara buɗe kwamfutar da shi, ko da na ɗa ne ko na maigida. In kin ga makullai da yawa, ki dubi lambar shaidar da ke allon kwamfutar, ki ɗauki wanda farkonsa ya yi daidai da ita. Rukuni 8 ne, kowanne lamba 6. Idan kibod ɗin AZERTY ya ƙi fitar da lambobi, F1 zuwa F9 suna madadin 1 zuwa 9, F10 kuma sifili.

In kuwa ta hannu ce da wani kamfani a Turai ya kulle, makullin yana wurinsu. Babu mai gyaran da zai fasa shi, duk wanda ya ce zai iya kuɗinki kawai zai ci. Injin zai yi aiki in an goge shi, abin da ke ciki ne ba zai dawo ba.

Tambaya: Tawa baƙin allo take nunawa tana cewa babu abin da za ta tashi da shi, shuɗin allon gyaran ma ba ya zuwa. Daga wani ɗalibi a Injamena.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da BIOS, da kunnawa ka danna: F2 a Dell, F10 a HP, F1 ko F2 a Lenovo. Duba ko ana ganin sunan faifan. In babu, ba matsalar Windows ba ce. A cire faifan, a kaɗe ƙura, a mai da shi daram. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a garinku ba ya raga wa tsohon faifai, in bai dawo ba sai sabo. In yana nan amma kwanan watan ya koma shekarun baya, ɗan batirin CR2032 ya mutu, saitin ya warware. A canza shi, a mai da «Windows Boot Manager» farko a jeri, a kuma duba ko an juya UEFI, wato sabon tsarin tashi, zuwa tsohon tsari.

Idan duk wannan lafiya, ko kana ganin 0xc000000f ko 0xc0000225, bayanan tashi ne suka lalace. Nemi kile mai giga 8, ka mai da shi kilen zuba Windows da manhajar Microsoft ta kyauta a wata kwamfuta. Tashi da shi ta F12, ko F9 a HP, ka danna «Réparer l'ordinateur», ba «Installer maintenant» ba. A «Invite de commandes» rubuta diskpart, sai list volume. Nemo ƙaramin sashe mai FAT32, galibi mega 100 zuwa 260. Rubuta select volume da lambarsa, sai assign letter=S, sai exit. Daga nan bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI, ka sa harafin faifan da Windows take a maimakon D: in ya bambanta. Tsohon umarnin nan bootrec /fixboot na injunan da ne, a na yanzu «Accès refusé» yake yawan amsawa.

Tambaya: F8 ba ta kai ni «Mode sans échec» (yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai) kamar da, wurin gyaran kuma yana ƙin kalmar sirrina. Daga wani ɗan kasuwa a Kuseri.

Amsa: Malam, F8 ta zamanin Windows 7 ce, tun Windows 8 a 2012 aka daina dogaro da ita. Yanzu cikin «Options avancées» za ka shiga «Paramètres», ka danna «Redémarrer», sai F4, ko F5 in kana buƙatar intanet. Kalmar sirri kuwa, ta asusu yake nema, ba gajeriyar lambar PIN ba. Duba kuma ko kibod ya juye zuwa QWERTY, inda A ke fitowa Q, Z ke fitowa W. Idan ta tashi, buɗe «Invite de commandes» a matsayin mai gudanarwa ka rubuta reagentc /info. In ya nuna a kashe manhajar gyaran take, reagentc /enable zai kunna ta, muddin wanda ya zuba maka Windows bai share fayil ɗinta ba.