Tambaya da Amsa: Muna cikin gidanmu, rajista ta ce filin na wani ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sayi fili ya gina gida, mun fi shekara ashirin a ciki. Bayan rasuwarsa muka je ofishin rajistar filaye don a mayar da takarda da sunan magada, sai aka ce mana lambar da ke jikin takardarmu 74 ce, alhali gidan yana kan fuloti na 47. Shi kuwa 47 da sunan wani aka rubuta shi, kuma ya sayar wa wani bawan Allah shekara biyu da suka wuce. Yanzu mai sayen ya zo da takardarsa yana cewa a filinsa muke zaune. Fuloti na 74 yana bayan layinmu, ko bulo ɗaya babu a kansa. Yayyena maza sun ce sai dai a yi wadda za a yi. Ni dai tsoro nake ji. Ina mafita?

Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan. Kafin komai, ki riƙe yayyenki. Duk wanda ya ɗaga hannu a rigimar fili ya ƙara wa kansa shari'a ta biyu, kuma alƙalin da zai duba takardunku gobe zai fara saninku ne a matsayin waɗanda suka daki mutum. Kada ku fita daga gidan, kada kuma ku sa hannu a wata takarda da mutumin zai kawo, ko da ya ce ta fahimtar juna ce kawai.

Da kina zaune gabana, tambaya ɗaya zan fara yi miki: ranar da mutumin nan ya yi cinikinsa, wane fili aka kai shi aka nuna masa? Ba na jin akwai mai hankalin da za a tsayar da shi a ƙofar gida mai rufi, da yara suna shige da fice, a ce masa ga filin da za ka saya, ya biya ya tafi bai ce uffan ba. Abin da na fi zato shi ne 74 aka nuna masa, wancan fili fayau na bayan layinku, sai daga baya ya lura lambar takardarsa ta faɗo kan ginannen gida, ido ya buɗe. In haka ne, babu wanda ya ci filin wani. Magatakarda ne ya sa bakwai a gurbin huɗu tun ranar farko, kowa ya zauna inda aka nuna masa, kuskuren ya yi ta barci a cikin fayil har mutuwa da ciniki suka tashe shi.

Don haka a ofishin za ku fara. Ku rubuta takardar neman bincike a kan fulotan biyu, ku nemi kwafin da aka buga wa hatimi na duk abin da ke cikin fayil ɗin. Takardar shaidar mallaka da ke hannunku ita ce ta ƙarshe da aka rubuta, ita ce kuma ta fi saurin ɗaukar kuskure, tunda kwafa aka yi daga wasu. Abin nema yana can ƙasan fayil, cikin takardun da suka yi ja suka fara tsagewa a bakin rami: takardar neman fili, rasit na farko, takardar ciniki mai sa hannun shaidu, da zanen safiyo. Zanen nan ya fi lamba ƙarfi, domin yana faɗin tsawo da faɗi, da wanda ke gabas da wanda ke yamma, da lambobin turakun iyaka. Ku ɗauko safiyo mai lasisi ya tono turakun a kusurwoyin gidanku. Sau da yawa suna nan a binne, ƙasa da taki ɗaya, da lambarsu a jikin siminti. Idan lambobin suka yi daidai da zanen da ke fayil ɗin Baba, kun gama rabin aiki. Ku haɗa da izinin gini, da rasit na harajin gida, da takardun wuta da ruwa masu sunansa, da takardar kotu mai nuna su wane ne magada da wanda zai yi magana da yawunsu. Ofis ba ya sauraron mutum bakwai a kan fayil ɗaya.

A ranar da kuka shigar da neman binciken, ku shigar da takardar gargaɗi a kan fuloti na 47, wadda za ta hana a sayar ko a jinginar wa banki har a warware. Wannan ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ne ya fi tsada. In fili ya ƙara canza hannu, ko banki ya ba da bashi a kansa, rigimar mutum biyu ta zama ta mutum huɗu.

Nauyin takardar mutumin ya danganta da irin rajistar ƙasarku, kuma iri biyu ne manya a duniya. Akwai inda ofis yake ajiye takardun ciniki kawai, bai ɗauki alkawarin cewa abin da ke ciki gaskiya ne ba. A Faransa ma, taswirar filaye da Napoleon, sarkin ƙasar a lokacin, ya sa aka fara a 1807 don haraji aka yi ta, har yau ba a ɗaukarta hujjar mallaka ita kaɗai. A irin wannan tsari, wanda tushen cinikinsa ya fi inganci shi ke da fili. Akwai kuma tsarin da wani ɗan siyasa, Robert Torrens, ya kawo a Kudancin Ostireliya a 1858, ya bazu ƙasashe da dama, inda abin da rajista ta faɗa shi ne mallaka, gwamnati ta tsaya masa, wanda kuskuren ofis ya cuta kuma a biya shi diyya. A nan mai saye da zuciya ɗaya yana da kariya mai ƙarfi, shi ya sa tambayar me aka nuna masa take da nauyi haka.

Ko a ƙasashen da rajista ke da wannan ƙarfi, an san magatakarda ɗan Adam ne. Dokar rajistar filaye ta Ingila ta 2002 ta ba rajistara da kotu ikon gyara kuskure, ta tanadi diyya ga wanda gyaran ko ƙin gyaran ya jawo wa asara, kuma tana ba da nauyi sosai ga wanda yake zaune a wurin a zahiri. Zamanku na shekara ashirin ba ƙaramin abu ba ne. Dokoki da yawa suna mallaka wa mutum fili saboda daɗewa a kansa ba tare da an ƙalubalance shi ba, a Faransa shekara 30, ko 10 in ya saya da zuciya ɗaya da takarda sahihiya. Amma ni a ganina ku ajiye wannan a hujja ta biyu. Baba bai mamaye filin kowa ba, saye ya yi, kada ku shiga kotu da rigar da ba taku ba.

Idan bincike ya nuna musayar lamba ce, ku nemi zama da mutumin, a ofishin lauya ko gaban rajistara, ku shimfiɗa masa zanen biyu. A wurare da yawa, in ɓangarorin biyu suka yarda a rubuce, ofis da kansa zai gyara, ya karɓi tsofaffin takardu ya ba kowa sabuwa, ba sai an ga alƙali ba. Ku tuna shi ma kuɗinsa ya fitar, kuma mai yiwuwa tsoronsa ya kai naki. Ko da za ku ɗauki kuɗin safiyo da na gyaran takardu ku kaɗai, ya fi muku arha nesa ba kusa ba a kan shari'ar da za ta ci shekaru. In ya kafe, sai kotu: a nemi ta bayyana mai gida, ta umarci a gyara rajista, ta hana a taɓa wurin kafin hukunci. Lauyanku ya sa ofishin rajista da wanda ya sayar masa a cikin ƙarar, domin in akwai diyya, daga wurinsu za ta fito. Kada ku ja ƙafa, neman gyara da neman diyya duk suna da wa'adi.

Saura abu ɗaya, kuma na san wani a cikin dangi zai kawo shi: tunda takarda ta ce 74 na Baba ne, me zai hana a sayar a raba? Kul! Ranar da kuka sayar da filin da kuka san ba naku ba ne, kuskuren magatakarda ya koma zambarku, kuma kun jefar da abin da za ku miƙa wa mutumin a teburin sulhu. Ku bar 74 yadda yake, ko tirela ɗaya ta yashi kada a zuba a kai, har a gyara lambobin biyu a rana ɗaya.