Me Ya Sa Layin Titi Yake Ɓacewa Da Dare?

Tambaya: Injiniya, ni direban babbar mota ne, galibin tafiyata ta dare ce. Akwai hanyar da aka yi wa sabon fenti, da rana layukanta fari fat, amma da dare da ƙyar nake ganinsu, in kuwa ana ruwa sai su ɓace ɗungurungum. Fentin ne ba shi da kyau, ko idona ne ya fara rauni?

Amsa: Malam direba, zuwa a duba ido ba laifi ba ne, domin mutum yana manyanta yana ƙara buƙatar haske kafin ya gani da dare. Amma bisa abin da ka bayyana, aikin layin na fi zargi.

Fenti shi kaɗai ba ya ƙyalli da dare. Abin da yake dawo maka da hasken fitilarka wasu ƙananan ƙwayoyin gilashi ne, mulmulallu, girmansu kamar na yashi, waɗanda ake watsawa a kan fentin tun yana ɗanye. Haske yakan shiga ƙwayar, ya lanƙwasa, ya bugi fentin da ke bayanta, sannan ya juyo ta inda ya fito, wato wajen motarka. Da rana haske ta ko'ina yake zuwa, saboda haka layin da ba shi da ƙwaya ko ɗaya ma kyau zai yi.

Wurin da aikin ya fi lalacewa shi ne zaman ƙwayoyin. Ana so kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na kowace ƙwaya ya nutse a fentin, sauran yana waje. In ta nutse gaba ɗaya haske ba zai same ta ba, in kuma a sama ta tsaya, taya za ta kwashe ta tun layin yana sabo. Fentin roba da ake narkawa, ana shimfiɗa shi ne da zafin kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos. Ya zarce haka, ƙwayoyi su nutse. Ya huce, su ƙi kamawa. Ga kuma masu shafa fenti a kan kwalta mai ƙura ko danshi, da masu rage ƙwayoyin don su ci riba, tunda sun san da rana za a zo duba aikin.

Batun ruwan sama daban ne. Da ruwa ya rufe ƙwayoyin, lanƙwasar hasken ta canja, kuma saman ruwan ya watsa hasken fitilarka gaba maimakon ya dawo maka da shi. Maganinsa shi ne ƙwayoyi masu ɗan girma da za su leƙo saman ruwan, ko layi mai tudu-tudu wanda ruwa yake gangarewa daga kansa. Wannan na biyun ya fi burge ni, domin in taya ta hau shi yana ƙara, ya farkar da mai gyangyaɗi. Akwai kuma “idon kyanwa”, wato ɗan abu mai ƙyalli da ake kafawa a titi don ya dawo da hasken fitila, wanda Percy Shaw na Ingila ya yi wa rajista a 1934.

Ƙyallin layi aunawa ake yi. Akwai na'ura ta hannu da wadda ake ɗaurawa a mota, dukansu suna kwaikwayon abin da direba yake hangowa daga nisan mita 30. Turai tana da ƙa'idarta mai lamba EN 1436. Amurka kuwa a 2022 ta sa doka cewa a titin da iyakar gudunsa ta kai mil 35 a awa, wanda motoci 6,000 ko fiye suke bi a rana, kada ƙyallin ya gaza maki 50 a ma'aunin irin wannan na'ura. A ganina bai kamata a biya ɗan kwangila ba sai an auna layinsa.

Ko da aikin ya yi kyau, ƙura da dattin taya suna dushe shi, don haka shara da wanki suna cikin kula da shi. Fentin roba ya fi na ruwa daɗewa, kuma akwai ƙwayoyi gauraye a cikinsa da suke fitowa yayin da samansa yake cinyewa.

In za ka kai ƙorafi hukumar da ke kula da hanyar, ka faɗi daidai wurin, ka ce da dare ne abin yake faruwa, musamman cikin ruwa, ka roƙi a je a auna. Kafin nan ka riƙa goge gilashin fitilunka, ka sa makaniki ya duba saitinsu, domin direban babbar mota yana zaune can sama da fitilarsa, hasken da layi yake dawo masa da shi bai kai na mai ƙaramar mota ba.