Kafin ki sayar da filin nan, ki ji labarin Richard Doll

Ƙanwata Likita, assalamu alaikum. Saƙonki ya iso tun makon jiya, hidima ce ta hana ni amsawa. Kin ce kin gama bautar ƙasa, kin gaji da kwanan asibiti, kina so ki zo Ingila ki yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, har kina tunanin sayar da filin gadonki don biyan kuɗin makaranta. Kika kuma tambaye ni ko fannin yana da makoma ga likita.

Makoma kam akwai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk tsawon saƙon nan kin yi maganar biza da haya da sanyi, amma ko cuta ɗaya ba ki ambata ba wadda take hana ki barci. Shi ya sa zan fara ba ki labarin wani likita da ba a ɗaukar darasin bin diddigin cututtuka a ƙasar nan ba tare da an kira sunansa ba.

An haifi Richard Doll a 1912. Lissafi ya so karanta a Kambirij, bai samu tallafin karatun ba, sai ya shiga makarantar likitanci ta asibitin St Thomas a Landan, ya gama a 1937. Ya yi aikin likitan soja a yaƙin duniya na biyu, tarin fuka ya taɓa masa ƙoda har aka cire guda. Bayan yaƙi ya yi bincike kan gyambon ciki. A 1948 ya koma aiki ƙarƙashin Austin Bradford Hill, masanin ƙididdiga, a lokacin da hankalin hukuma ya tashi saboda yadda ciwon dajin huhu yake ta ƙaruwa.

Doll da farko kwalta da hayaƙin motoci yake zargi. Shi kansa mashayin taba ne, kamar yawancin mazan zamaninsa. Suka bi asibitoci 20 na Landan ana yi wa majinyata tambayoyi, ana rubutawa. Cikin maza 649 masu dajin huhu, mutum 2 kacal ne ba sa shan taba. Cikin wasu 649 da ke kwance da wasu cututtukan daban, an samu 27. Kafin aikin ya ƙare ya jefar da sigarinsa. Suka buga sakamakon a 1950.

Ba a yarda da su nan take ba. Da wani ne, da ya tsaya cacar baki a jarida. Su kuwa sai suka sake dabara: a 1951 suka aika wa likitocin Birtaniya kusan 60,000 gajeriyar takarda suna tambayar ko suna shan taba, kuma nawa. Kimanin 40,000 suka amsa. Me ya sa likitoci? Saboda kowane likita sunansa na cikin rajista, ko ya sauya gari za a same shi, in ya mutu za a san abin da ya kashe shi. Wannan dabarar ta fi komai burge ni. Ba na'ura, ba ɗakin gwaji, takarda ce da kan sarki da jira. Sakamakon farko ya fito a 1954. A shekarar ne ministan lafiya ya tara 'yan jarida ya amince akwai alaƙa tsakanin taba da dajin huhu, yana magana yana zuƙar sigari, in ya kashe wannan ya kunna wancan.

Shekara 50 aka yi ana bin waɗannan likitoci. Rahoton ƙarshe, wanda Doll ya rubuta da Richard Peto da wasu, ya fito a 2004, Doll yana da shekara 91. Ya nuna mai shan taba kan rasa kusan shekara 10 na rayuwarsa, wanda kuma ya daina tun yana kusan shekara 30 kan tsira daga kusan duk haɗarin. A tsakani Doll ya nuna illar asbestos, wani ma'adini da ake sawa a kayan gini, a 1955, ya zama babban farfesan likitanci a Okusfod a 1969. Ya rasu a 2005. Ba waliyyi ba ne: bayan rasuwarsa aka gano wasu kamfanonin sinadarai sun daɗe suna biyansa kuɗin ba da shawara, har yau ana muhawara a kai. Ki riƙe wannan, don ke ma wata rana mai kuɗi zai so sa hannunki.

Ni da na zo, hannu rabbana na zo. Na yi digirin, na ci jarrabawa, da aka zo rubuta kundi sai na ari alƙaluman wasu na wata ƙasa da ban taɓa takawa ba. Na fito da takarda mai kyau, na shafe fiye da shekara ina aiki a gidan kula da tsofaffi kafin na samu abin yi a fannina. Wata abokiyar karatuna kuwa ta zo da rajistar ɗakin haihuwa ta shekara uku daga asibitin garinsu, malamai suka yi ta rububinta.

Kina zaune a kan irin wannan arziki. Ki tuna gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Lura da yawan mutuwar ƙananan yara ce ta fara tona asirin. Ga ciwon ƙoda da ya addabi Gashuwa. Ga sanƙarau duk bazara. Ga matan da kike karɓa da jijjiga cikin dare. Wanne ne naki?

Sai batun takardu. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya iya kawo iyali, don haka maigidanki da yaran za su zauna gida. Digirin kuma ba zai ba ki izinin duba marasa lafiya ba, wannan sai kin ci jarrabawar PLAB ta likitocin da suka yi karatu a waje, kin yi rajista da GMC, hukumar da ke kula da likitoci a Birtaniya. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana neman shekara biyu ta aiki, kuma sharaɗinsa ki koma gida bayan karatu. Akwai na Commonwealth ma. Kafin duk wannan, ki binciki shirin horas da masu bin diddigin cututtuka na NFELTP, wanda ake yi tare da jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Filin dai ki bar shi tukuna. Ki ɗauki rajistar sashenku, ki nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibitin, ki ƙirga abu guda na tsawon wata shida, ki fara koyon manhajar ƙididdiga ta Stata ko R. Abin da kika samu ki turo mini a shafi ɗaya mu duba tare kafin a buɗe neman tallafi. Ki gaishe mini da Hajiya da yaran.