Kimiyyar siyasa da binciken birane: ta ina zan fara?

Malam Sani, ka ce ka gama digirin farko a kimiyyar siyasa, kana son zama malamin jami'a mai binciken birane, amma kana tsoron fannin na 'yan tsara gari ne. Ba nasu ba ne su kaɗai.

Dubi Kano. Ƙananan hukumomi 8 ne suka raba birnin, babu magajin gari guda da ke riƙe da shi, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. To wa ke yanke hukuncin rushe kasuwa? Wa ya amfana da hana acaɓa a 2013? Wannan siyasa ce tsantsa, kuma ta isa a yi digiri na uku a kanta.

Sai dai hanyar doguwa ce. In babu digirin digirgir da maƙaloli a mujallun ilimi, ƙarin girma zai yi wuya. Albashin ma, kada ka sa rai da yawa.

Fara neman malamin da zai duba aikinka kafin ka zaɓi jami'a. Ka leƙa cibiyoyin bincike na Gidan Mambayya a Kano da Arewa House a Kaduna don tsofaffin takardu, ka riƙa bibiyar tallafin CODESRIA, ƙungiyar bunƙasa binciken kimiyyar zamantakewa a Afirka da ke Dakar. Ka koyi ƙididdiga da aikin taswira ta kwamfuta tun yanzu.