Na'urar gano ƙarfe a gidan kaka: amsoshin wannan makon

Jama'a salamu alaikum. Da alama wani bidiyo ya zagaya a TikTok, don saƙonnin wannan makon rabinsu na masu son haƙe tsohon gidansu ne, wai ko kakanni sun binne wani abu. To bismilla, masu tambayar waya mai zafi ku yi haƙuri sai mako na gaba.

Tambaya: Malam na sauke manhajar gano ƙarfe a Tecno ɗina, idan na kai ta jikin ƙofa tana ƙara amma na ɗora ta kan zoben azurfa ko uffan. Wayar ce ta lalace? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wayarka lafiyarta lau. Manhajar da sensar kamfas take aiki, wadda ke nuna maka alƙibla, kuma maganaɗisu kawai take ji. Ƙusa da rodi za ta ji su in sun kusa taɓa wayar, amma zinare da azurfa da tagulla ko a jikinta. Ka nemi ƙusar da ta ɓata a bango da ita, sannan ka goge ta kafin tallace-tallacen ciki su cinye maka data.

Tambaya: Wani ya kawo mana inji mai eriya biyu, ya ce yana hango zinare daga nisan kilomita 2, kuma har zurfin mita 50. Mun fara karo-karo ni da 'yan uwana don mu duba gidan kakanmu. Wane saiti ne ya fi? Daga wani ɗan kasuwa a Gusau.

Amsa: Alhaji saitin da ya fi shi ne ka mayar wa kowa kuɗinsa yau ɗin nan, kafin zumunci ya lalace. Wallahi wannan maganar ta ishe ni, duk bayan 'yan watanni sai wani ya turo min hoton irin wannan akwatin, eriyar rediyo biyu a kan mariƙi mai juyawa, da fitila ja da kore, in ka buɗe cikin ba komai sai batir da 'yan wayoyi, kuma eriyar tana juyawa ne saboda hannunka ya ɗan karkata ba tare da ka sani ba, shi ya sa kullum take nuna wurin da dama can zuciyarka ta raya maka.

Na'urar gaskiya ga yadda take. Faifan da ke ƙasan sandar yana aika filin maganaɗisu cikin ƙasa, in ya haɗu da ƙarfe sai wata 'yar wutar lantarki ta motsa a jikin ƙarfen, faifan ya jiyo amsar, injin ya yi ƙara. Ƙarfin wannan amsar yana faɗuwa da mugun sauri da zarar nisa ya ƙaru, don haka kwabo ɗaya ana jin sa ne a kamar santimita 15 zuwa 25, kusan taƙi guda kenan. Babban abu irin akwatin ƙarfe wataƙila ka kai mita ɗaya in ƙasar ta yi maka kirki. Mita 50 kuma ai ko mai haƙa rijiya sai ya yi sallama da iyalinsa.

Kuma kar ka ji kunya, gwamnatoci ma an wanke su da irin wannan. Wani Bature a Ingila, James McCormick, ya ɗauki abin wasa na neman ƙwallon golf da bai wuce dala 20 ba, ya ɗan sauya masa fasali ya sa masa suna ADE 651, ya riƙa sayar da shi a matsayin injin gano bam, wani har dala 40,000. Iraƙi ta saya da yawa ta raba a shingayen bincike. A 2013 kotu ta ɗaure shi shekara 10, amma sai 2016 aka janye abin daga titunan Bagadaza, bayan rayukan da suka salwanta. Eriya ce mai juyawa a kan mariƙi, sak irin taku.

Na san abin da za a ce min, ai 'yan Jado sun samu zinare. Eh, tun 2014 mutane suka yi ta kwarara Jado da Cibarakaten a arewacin Nijar da injina, wasu kuma sun dace. Amma injinan gaske ne masu faifai irin Minelab GPX, masu ɗan karen tsada, ana tafe ana share ƙasa da su taku-taku cikin rana, kuma zinaren da ke kusa da sama suke tsinta. Ba wanda ya zauna a inuwa eriya ta nuna masa. In dai tsohon gida ne burinku, ƙaramin inji irin Garrett Ace ko Nokta Simplex ko Minelab Vanquish ya wadatar. Shi kuma mai eriya ku ce ya juya baya, ɗayanku ya binne zobe a ɗaya daga ramuka goma, ya nemo shi sau biyar a jere. Za ku ga an kira shi a waya da gaggawa.

Tambaya: Na sayi na gasken, amma duk inda na sa a tsakar gida ƙara yake, na haƙa rami ya fi 30 ba abin da na samu sai tarkace. Daga wani malamin makaranta a Katsina.

Amsa: Malam barka da shigowa sana'a, haka take. Gidan da aka shekara 80 ana rayuwa a ciki cike yake da ƙusoshi da guntun kwano da murfin lemo da gwangwanin tumatir, ga takardar magi wadda ta fi kowa iya yaudara. Rage ƙarfin jin injin, sabon shiga kullum sai ya ƙure shi. In jar ƙasa ce mai marmara ka yi saitin daidaita shi da ƙasa tukuna, don ita kanta ƙasar tana da sinadarin ƙarfe. Wayarka ka sa ta a yanayin jirgi, ka kuma nisanci wayar wuta. Faifai ya riƙa kusan shafar ƙasa, a hankali, ba kamar mai sharar sallah ba. Ka binne kwabo da ƙusa da murfin kwalba a gefe guda ka haddace muryar kowanne, da iyafis a kunne.

Abin da nake ta nanatawa kuma, kafin ka kunna inji ka kunna rikodar wayarka ka zauna gaban tsohuwar gidan. Ita ta san inda tsohon zaure yake, da inda aka sare bishiyar da ake zama ƙarƙashinta, da tsohon madafi, da inda ake wanki. Wurin da mutane ke zama suna ciro hannu daga aljihu nan kuɗi ke faɗuwa. Ka fita bayan an yi ruwa, ƙasa mai danshi ta fi ba da amsa kuma ta fi daɗin haƙa. Duk abin da ka tono ka ɗauke shi hoto a ramin kafin ka ɗaga.

Tambaya: Na tsinci kuɗi mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida. Nawa zan sayar? Daga wata baiwar Allah a Kano.

Amsa: Hajiya kuɗin zamanin Turawa ne, in ƙarami ne anini, in babba ne ɗari ko kwabo. An buga su da yawan gaske, ba za su kai ki Umara ba. Kar ki dirje shi da toka ko lemon tsami, ruwa da tsohon buroshi ya isa, ki ajiye wa jikoki. In wata rana kin ci karo da babban kuɗin azurfa mai hoton mace da 1780 a jiki, liyari ne, shi yana da ɗan daraja, sai dai shekarar kar ta ruɗe ki, duk wanda aka buga daga baya ma 1780 aka rubuta masa.

Tambaya: Gidan na gado ne ba a raba ba, zan iya shiga da dare in duba abina? Ba a sa suna ba.

Amsa: Dole ka ɓoye suna mana. A'a. Ka tara magada ku yi magana da rana tsaka, ku tambayi malamai hukuncin abin da aka tono, don na kakanku daban, tsintuwa daban. Ka tambayi inda tsohuwar rijiya da masai suke kafin ƙafarka ta gano maka su, da inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi, kuma wasu tsoffin gidajen akwai kaburbura a ciki. In abin tarihi ne ya fito, dokar kayan tarihi ta Najeriya ta 1979 ta hana sayar da shi yadda aka ga dama, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ake sanarwa. Mutanen Borno da Yobe kuma, duk ƙarfen da ya yi kama da harsashi ko bam kar a taɓa, a kira jami'an tsaro. Tulun da kake mafarki kuwa, in kuɗin wuri kakanku ya cika shi da shi, injin zai wuce ta kansa shiru, don ba tulun ba wurin, duk ba ƙarfe ba ne.